Wayar Auta Ba Ta Yi Shiru Ba

Asabar, da hantsi

Da na ga Farfesa tsaye a bakin ƙofa, ba hula a kansa, ya riƙe farar leda da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai, na gane. Bai riga ya buɗe baki ba. Babban malami irinsa, wanda Autata ke bincike a ƙarƙashinsa a jami'a, ba zai tako gidan tela cikin ruwan sama don a auna masa riga ba. Ta cikin ledar ina hango wayarta da takalminta ƙafa ɗaya.

Na ce ya shigo kada ya jiƙe. Iyakar abin da na ce ke nan.

Yau masu zuwa ta'aziyya sun ragu, shi ya sa na sami zama. Karatuna bai yi nisa ba, amma hannuna ba ya rawa, kuma akwai maganar da ba na son faɗa wa mutum. Yaya ta kwaso kayanta ta dawo nan. Ita ke buɗe ƙofa, ita ke amsa gaisuwa, ita ke faɗa da mai kawo ruwa. Allah ya saka mata, ko da yake bakinta ba ya hutu.

Na sa wayar a caji. Gilashinta ya tsage daga kusurwa, amma tana kawo haske.

Litinin, bayan azahar

Wayar ta yi ƙara. Ina ninke wanki, sai da zanin ya suɓuce mini. Yaya ta leƙo daga kicin ta ce, "Kashe abin nan! Mai waya ba ta nan, waya tana kuka a gida, ba kyau."

Ban kashe ba. Tuntuni Auta ta saka babban yatsana a ciki, wai don in riƙa kallon hotuna in daina damunta. Yatsan tela ne, allura ta cinye zanensa, sai da na goge shi a zani na yi ta ɗorawa kafin ta yarda da ni.

Saƙo ne da Turanci, dogo, ba sunan mutum a kai. Ban gane komai ba sai kalma ɗaya a tsakiya: haɗi. Na ja sama na ga irinsa na kwanakin baya. Ɗaya an rubuta awo, ɗaya yanka. Awo, yanka, haɗi. Wannan ai maganar ɗakina ce. Wa ke aiko wa 'yata ɗinki da Turanci?

Talata, da yamma

Tabarau ta zo. Abokiyar aikin Auta ce, teburinsu na jere, Auta ce ta laƙa mata sunan saboda kaurin gilashin idonta. Ta rame. Na nuna mata saƙon, ta cire gilashin ta goge fuska.

"Umma, ba mutum ba ne. Na'ura ce. Aikin Auta ne, yana nan yana tafiya."

Aikin dai na san shi gwargwadon sanina. Wata rana ina wanki Auta ta kama hannuna ta ja shi cikin ruwan baho, ta ce, "Umma, kin ga 'yan juye-juyen nan da ke bin bayan hannunki? Haka iska ke yi a bayan fiffiken jirgin sama. Su ke sa shi gargada, su ke sa shi shan mai. Ni so nake kwamfuta ta kwaikwaye su har mu san halinsu." Na ce to a daina jan hannun mana. Yaya tana gefe ta ce, "Mutane na karatun likita, tamu na karatun iska." Auta ta ce, "Inna, ranar da jirgi ya girgiza ki, za ki nemi lambata."

Yau Tabarau ta ƙara mini haske. Akwai wata babbar na'ura a wani gini mai sanyi, masu bincike da yawa ke rabon ta. Kamar injin niƙa take: kowa ya ajiye ƙwaryarsa a layi, in an zo kanka a yi maka na 'yan kwanaki a tsaya, sai ka sake shiga layi a ɗora daga inda aka tsaya. Lissafin Auta babba ne, ba ya shiga gaba ɗaya, shi ya sa ta raba shi zango-zango, ta sa wa kowane zango suna da kanta. Duk wanda ya ƙare, na'ura ta aiko wa wayarta.

"Ofishin na'urar sun san abin da ya faru," in ji ta. "Sun ce za su bar sunanta a buɗe zuwa ƙarshen wata, daga nan a rufe. In ba mu gama ba, sai a fara daga farko baɗi. Ni kuma wa'adin karatuna ba zai kai baɗi ba, Umma. Rabin kundina a kan lissafin nan yake."

Ta san kalmar sirrin, tare suke aiki. Amma duk shiga sai na'ura ta turo wata lamba a wayar Auta, lambar kuma ba ta jira, kafin ka ce kwabo ta mutu. Ta yi ta murza gefen gyalenta, sannan ta ce, "Ko za ki ara mini wayar? Wallahi zan kula da ita."

Na ce, "'Yar nan, wayar tana nan. Ki kira ni, in karanta miki."

Ba ta ja ba. Yarinya ce mai hankali.

Laraba, da safe

Na ɓata aiki. Lambar ta zo, guda shida a jere. Na ga harkar manyan malamai ce, ya kamata a faɗe ta da mutuncinta, sai na gyara murya na ce, "Dubu ɗari bakwai da arba'in da uku, da ɗari biyu da..." Tabarau tana can tana juya ta a kai, kafin in kai ƙarshe ta mutu. Aka turo wata, na sake. Sai na ji yarinyar tana dariya tana jan hanci.

"Umma, ɗaya bayan ɗaya! Kamar lambar waya!"

Na ce to tun farko a ce haka mana. Ta uku ta shiga. Zango na gaba, mai suna hannu, ya hau layi.

Yaya ta ce, "Sannu da aiki, Farfesa." Na ce Allah ya kai ki matsayin. Rabon da a yi dariya a gidan nan, tun ranar ruwan.

Juma'a

Na buɗe keken ɗinki. Mai shagon magani ta kawo riguna biyu na 'ya'yanta. Ƙafata ba ta manta ba.

Lahadi, da la'asar

Na ɗinka wa wayar jaka da ragowar yadi, mai igiya, ina rataya ta a wuya. Caji ba ya sauka ƙasa da rabi. In an ɗauke wuta, maƙwabcinmu mai aski yana da janareto, na riga na yi magana da shi. Wannan aiki ba zai lalace daga ɓangarena ba, na ɗauki alkawari.

Rigarta tana rataye a bayan ƙofar ɗakin ɗinki. Shuɗiya. Ita ta sayo yadin, ta ce ta ranar da za ta tsaya gaban malamai ta kare bincikenta ce. Na yanka, na haɗa, na sa hannu da wuya. Ƙasan ne muka bari. Ta ce sai ta sa takalmin da za ta sa ranar ta tsaya, in duƙa in sa alli. "Gobe, Umma. Yau na makara."

Ba na rufe ƙofar nan yanzu. In an rufe, rigar tana kallon mutum.

Talata, da hantsi

Saƙo ya zo tun lokacinsa bai yi ba, gajere. Na san ba lafiya ba. Tabarau ta kira. Wai lissafin ya fashe. Can wajen tsinin fiffike, inda iska ta fi murɗewa, lambobi sun haukace sun yi ta girma har na'ura ta ajiye aikin. Dole a koma baya, a rage girman taku, a sake. Kwanakin da hannu ya ci sun tafi a banza.

"Umma, Auta ce ta san wurin nan. Ni tsoro nake ji in taɓa."

Na ce, "Hannu ne, 'yar nan. Duk tela ya san hannu ne ke ba da wahala. A farke a sake, ba a jefar da riga. Kin san inda za ki taɓa?"

Ta ce tana jin ta sani, Farfesa ma ya duba ya yarda.

"To turo lambar."

Ɗaya bayan ɗaya. Ban yi kuskure ba.

Laraba

Ruwa tun safe. Ban fita ba. Ban leƙa taga ba.

Alhamis, da yamma

Na je jami'a, Tabarau ta matsa sai na zo na gani. Na ce wa mai tasi ya bi ta bayan kasuwa. Ya ce, "Mama, ta mahaɗar gidan mai ta fi kusa." Na ce na sani. A mahaɗar nan abin ya sami Auta. Ya kalle ni ta madubi, ya bi ta bayan kasuwa.

Na ɗauka zan ga jirgi, ko da ƙarami ne. Ɗaki ne kawai a hawa na biyu, tebura, kwamfutoci, kofunan shayi da ba a wanke ba, da wani fiffiken roba a kan kabad ya yi ƙura. Wani farin allo cike da rubutu, gefe guda an zagaye shi da jan layi don kada a goge. Ban iya karanta shi ba, amma na san hannun. Ni na riƙe shi ya fara rubuta baƙi. Rigar sanyinta na nan a bayan kujera. Kullum sai na ce ta dawo da ita a wanke.

Tabarau ta kunna mini abin da aka samu zuwa yanzu. Fiffike baƙi a tsakiya, iska shuɗiya tana zuwa sumul kamar yadin da aka goge. Tana hawa bayansa sai ta fara tattarewa, ta koma rawaya, ta koma ja, ta warware kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Juye-juyen bahon nan ne, sak. Na ce ta sake. Ta sake. Na ce ta sake.

Farfesa ya shigo, wannan karon da hularsa. Ya rusuna ya gaishe ni. Ya ce in an gama za su rubuta takarda duniya ta karanta, sunan Auta ne a gaba. Na ce, "Ranka ya daɗe, in an gama, jirgi zai daina girgiza?"

Ya ce, "Ba yanzu ba, Mama. Aikinmu ba ya ƙarewa a hannun mutum ɗaya. Amma wanda zai zo bayanmu ba zai fara daga inda muka fara ba, daga inda ta kai zai fara."

Na ji daɗi da bai yi mini daɗin baki ba. Na ɗauko rigar sanyin, na zo ƙofa, na koma na mayar. Ɗakin da sanyi, Tabarau na iya buƙata.

Asabar

Hannu ya zauna. Wuya ya hau layi. Yaya ta ce tun da na fara aikin jami'a abinci ke ƙonewa.

Laraba, da safe

Kullum in na tashi sai na taɓa jakar. Ba kullum take ƙara ba, amma na san wani wuri akwai abin da 'yata ta kunna da hannunta yana tafiya, bai san komai ba. Ba wanda ya gaya masa. Yana can yana aiko mata labari kamar za ta amsa.

Mutane sun daina kiranta. Na'urar ce kaɗai ba ta daina ba.

Asabar, bayan azahar

Wuya ya ƙare lafiya.

Na zauna ina kallon kalmar. Awo, yanka, haɗi, hannu, wuya. Ba sai an gaya mini na gaba ba. Shekara nawa ina wannan sana'a. Bayan wuya sai kalmasa, a lanƙwasa bakin ƙasa a ɗinke. Bayan kalmasa ba komai, sai guga a miƙa wa mai kaya.

Tabarau ta kira. Ina kallo har ta yanke.

Lahadi

Ta kira. Na ce wa Yaya ta ce ina kwance.

Litinin

Ai wata bai ƙare ba tukuna.

Talata, da hantsi

Yaya ta same ni a ɗakin ɗinki, keke a rufe. Ta ja kujerar masu jira ta zauna, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Yarinyar can ta kira wayata. Ta ce zangon ƙarshe yana cin kwanaki, in bai hau layi kafin jibi ba, ba zai gama kafin a rufe ba. Ba ta ce in roƙe ki ba. Cewa ta yi in tambaya ko kin sha magani."

Na ce, "Ba ke kika ce a kashe wayar ba?"

"Na ce. Ke kin ɗauka ban san ƙararta ba? Ina kicin nake tsayar da ludayi in saurara." Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, wanda ba abin da ya same shi. "Amma ke, tamu ta tafi. Ta mutane tana da rai, da uwa a gida tana jiran ta gama. Ki yi abin da za ki yi."

Ta tashi ta fita, ta buga mini ƙofa. Rigar ta yi lilo a bayanta.

Laraba, da yamma

Tabarau ta zo da kanta, kwamfutarta a jaka, amma ba ta fito da ita ba. Ta gaishe ni, ta tambayi jiki, ta ga botiran riga a faranti sai ta hau ware mini manya da ƙanana. Ba ta iya ba ma, tana haɗa masu ido biyu da masu ido huɗu.

Na ce, "Kalmasa ne sunansa, ko?"

Ta ɗaga kai. "Ta gaya miki?"

"Ba ta gaya mini ba."

Ta ajiye farantin. "Ranar da take sa sunayen na ce mata mutane na sa lamba, ke kina sa shirme. Ta ce in bar ta, a gidansu ba a ba mutum riga ba kalmasa, ko da mai rigar na tsaye a ƙofa yana ihu." Ta yi ɗan murmushi. "Umma, ranar Asabar da ba ki ɗauka ba, sai da na ji sanyi a raina. Ni ma ban san ko zan iya dannawa ba. Kullum in na shiga, sunanta ne ke fitowa a sama, kamar ta fita shan iska ne za ta dawo."

Maganar kalmasar tawa ce. Tana ƙarama, in ta ɗinka wa 'yar tsanarta zani ta kawo mini da baki a tsefe, sai in mayar mata. Har kuka take yi. Ashe ta riƙe.

Na san tun ranar Asabar, ban dai rubuta ba: in na ba da lambar wayar za ta yi shiru, in na hana ma za ta yi shiru. Wata zai ƙare ko ina so ko ba na so. Bambancin kawai, da baki a ɗinke ko a tsefe.

Na ce, "Fito da abin naki."

Ta buɗe a kan teburin yanka, tsakanin almakashi da alli. Wayar ta yi ƙara a ƙirjina. Na goge yatsa a zani, ta yarda da ni tashi ɗaya. Tabarau tana kusa, da ta miƙa wuya za ta gani da idonta, amma ta jira. Aikina ne. Na karanta ɗaya bayan ɗaya.

Ta ɗora yatsa a kan maɓalli ta tsaya. Na ce, "Danna, 'yata." Ta danna.

Yaya ta shigo da shayi kamar ba laɓe take yi ba. Ta ce wa Tabarau, "Ke kuma ki ci burodin nan duka, kin zama kamar tsinke. Iskar taku ma sai ta ɗauke ki."

Juma'a

Yana tafiya. Na gama rigunan mai shagon magani, na karɓi wasu.

Litinin, da la'asar

Ina auna wata mata, tef a wuyana, alli a bakina, sai ta yi ƙara. Na gama awon tukuna, na rubuta, na raka ta ƙofa, sannan na duba. Dogon saƙo, irin na lafiya. Kalmar na nan a tsakiya.

Ba a jima ba Tabarau ta kira, ba na jin me take cewa don kuka da dariya. Daga baya na gane: ya fito duka, ba abin da ya fashe, sun kwashe sun adana a wuri biyu. Farfesa ya karɓi wayar ya ce, "Mama, mun gode. Da ke aka yi." Na ce Allah ya sa a amfana.

Na gaya wa Yaya. Ta ce, "Madalla," ta shiga kicin ta daɗe tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Laraba

Ba ƙara. Na sa ta a caji.

Asabar, da safe

Sabon wata. Tabarau ta ce an rufe sunan. Yanzu sai rubutu, wai shi ma watanni ne. Ta ce ranar da za ta tsaya gaban malamai tana so in zo in zauna a gaba. Na ce zan zo, amma ta bayan kasuwa.

Na cire jakar daga wuyana na rataye ta a ƙusa. Wayar na ciki, da cajinta. Yaya ta fara maganar komawa gidanta, na ce ta tafi, zan iya. Kuma zan iya.

Aikin Auta ya kammala. Nawa ne bai kammala ba. Shuɗiyar rigar tana bayan ƙofa, saura kalmasa, kuma ban san tsawon da take so ba.